Gurbina a Bangon Gidan Dutse

Tun da na dawo daga Rogo da baƙin farce a babban yatsa, 'yan majalisarmu ba su bar ni na sha iska ba. Wannan ya ce ƙofar mota ce ta datse ni, wancan ya ce a'a, tela ne ya je ƙauye ya gwada riƙe fartanya. Kowa kuma da tambaya ɗaya yake ƙarewa: ina dutsen da aka je ɗaukowa? Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi tsakanin ɗinki da ɗinki, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Duk wanda ya sake tambayata, sai in miƙa masa in ci gaba da taka kekena.

Ga asalin maganar. Kakan mahaifina, Malam Jibo, ya gina gida da dutse a wani ƙauye bayan Rogo, har yau Gidan Dutse ake ce wa wurin. A danginmu duk wanda zai gina nasa gidan, ko a ina yake zaune, sai ya je an ciro masa dutse ɗaya daga bangon tsohon gidan ya sa a harsashin gininsa. Babu mai cewa tsari ne ko magani. Baba da bakinsa yana faɗin dutse ba ya ba kowa komai, shaida ce kawai ta cewa daga nan ka fito. Amma da Allah ya hore mini fili a bayan gari na haƙa harsashi, sai ya kafe cewa ba za a zuba siminti ba sai dutse ya zo. Ga damina ta ƙarato, ga magina suna ta kirana.

"Abba," in ji shi, don sunan mahaifinsa aka sa mini, ba ya faɗinsa, "ni na ɗauko nawa, yana ƙarƙashin zauren nan da kake zaune. Baffanninka duk sun ɗauko. Kai ne za ka fara gini a kan iska?"

Na ce, "Baba, da bulo fa za a yi gidan nan."

Ya ce, "Ko da takarda za a yi shi."

Ni a Kano aka haife ni, ban taɓa taka ƙauyen ba. Na ɗinka wa yayar Baba, Gwaggo Delu, wadda ke zaune a gidan, riga da zane na atamfa, na haɗa da goro da sukari da ganyen shayi, na naɗe wani buhu na sa a jaka saboda dutse. A zuciyata zuwa ne da dawowa, kamar mai karɓo saƙo a tasha.

Motar da na samu ƙarama ce, amma direban bai san haka ba. An matse ni da wani dattijo ɗan Yammedi da ya kai injin ban ruwansa gyara birni. Ya ƙi a sa injin a but, wai za a jijjiga masa shi, don haka rabi a cinyarsa, rabi a tawa. Har muka wuce Rimin Gado yana ba ni labarin tumatirinsa, ni kuwa ina kallon baƙin mai yana shiga farar shaddata a hankali. Da ya gama da tumatir ya tambayi inda na nufa, na gaya masa.

"Gidan Dutse? Af! Ashe ku ne masu cinye gidanku da kanku." Ya yi ta dariya har injin na rawa.

Ban gane ba, kuma raina ya ɗan sosu. Na juya fuska taga na bar shi da injinsa.

A Karaye na sauka don canza mota, a nan kuma na huce. Wata mata a gefen tasha tana suyar kifin da aka kamo daga dam da safiyar nan. Mu a birni mun saba da kifin da ya kwana cikin ƙanƙara har ya manta da ruwa, wannan kuwa tsokarsa fara tas, ga yaji mai ƙuli. Na ci ɗaya, na ce a ƙara. Abin da na lura da shi tun daga nan shi ne gaisuwa. Mu a Kano muna gaisawa ƙafa na tafiya. A can sai an tsaya, an tambayi gida, an tambayi gajiya, an tambayi zafi, an koma an sake tambayar gida ko wani abu ya canza. Direban motar Rogo ya tsayar da mu a hanya don kawai ya durƙusa wa surukinsa da ya hango a gindin mangwaro, kuma duk motar ni kaɗai na duba agogo.

Daga Rogo Sabon Gari sai babur. Ɗan acaɓan ya dubi shaddata, ya dubi bakin buhun da ya leƙo daga jaka, bai jira na yi magana ba.

"Alhaji, Gidan Dutse ko? Gini za a yi ke nan. Allah ya sa alheri."

Muka bi ta cikin gonakin da aka share ana jiran ruwa. Ya nuna mini wani rafi da ya ƙafe, ya ce daga can tsallake ƙasar Kaduna ce, akwai mai gonar da rabinta ke nan rabinta ke can, kuma masararsa ba ta taɓa tambaya ba. A cikin yashin rafin babur ya ƙi tafiya. Na sauka ina turawa, maɗaurin takalmina ya tsinke. Haka na shiga garin kakannina, ƙafa ɗaya da takalmi, riga da tambarin baƙin mai.

Gidan yana gindin wani tsauni, kuma da farko ban rabe shi da tsaunin ba, don launinsu ɗaya. Sai da muka matso na ga zaure. Na tsaya ina kallo. Manyan duwatsu ne a ƙasa, waɗanda mutum biyu ba za su ɗaga ba, suna raguwa yayin da bangon ke hawa, an cike tsakaninsu da ƙanana da jar ƙasa. Babu siminti ko cokali ɗaya. A kan ƙofar zaure an gicciya wani falalen dutse guda, dogo kamar tabarma. Rufin na azara ne da ƙasa, da indararo na fitar da ruwa. Ni da nake aikin haɗa ƙyalle da ƙyalle, na san wahalar sa abu biyu su zauna daidai, don haka na jinjina wa mai wannan aiki. Amma ko daga nesa ana ganin ramuka a jikin bangon, nan da can, kamar bakin tsohon da haƙoransa suka zube.

Yaya Sule ne ya fito ya tare ni. Ɗan baffana ne, manomi, shi da iyalinsa ke sabon sashe na bulo a gefe. Ya kai ni ciki, inda Gwaggo Delu ke zaune a ƙofar ɗakinta tana gyaran kuka. Tsohuwa ce 'yar firit, ta dawo gidan mahaifinta tun rasuwar mijinta, kuma rabona da ita tun bikina. Na durƙusa.

"Lale lale da Babana! Yau Babana ne a gidansa? Ina gajiya? Ya ka baro ubanka Habu? Ƙafar tasa da sauƙi? Wannan wane irin tela ne da riga kamar ta makanike?"

Aka kawo fura da nono, aka biyo da tuwon dawa miyar kuka da man shanu. Na ci har na ji kunya. A zaure aka yi mini shimfiɗa, kuma abin mamaki, waje rana na dukan mutum kamar da gayya, ciki kuwa sanyi kamar gindin randa. Kaurin bangon ya kai tsawon hannuna. Sule ya ce ya gina wa Gwaggo ɗakin bulo da rufin kwano, ta leƙa sau ɗaya ta ce ita ba gurasa ba ce da za a sa ta a tanda. Albasa ake zubawa a ciki yanzu.

Bayan la'asar ta ɗauki sandarta ta ce in zo in ga gida. Tana tafe tana ba ni tarihi. Malam Jibo falke ne, yana bin jakai har ƙasashen duwatsu, a can ya ga irin wannan gini. Damina ta cinye masa gidan ƙasa, ya sake yi ta sake cinyewa, sai ya yi fushi ya ce shi da tubali har abada. Ba shi da guduma ko kurfi na kirki. Wuta yake hurawa a kan falalen tsauni har ya yi zafi, ya kwara ruwan sanyi, dutse ya tsage, shi da 'ya'yansa su jawo. Mutanen gari suna ce masa mahaukaci, har ranar da gobara ta tashi a unguwa gidansa kaɗai ya tsaya.

Sai ta tsaya a gaban wani rami, ta zura hannu ciki.

"Wannan Sani ne, yana Jos. Wannan na sama Garba ne, Allah ya jiƙansa. Ga Habu nan, ubanka, dubi yadda ya zaɓi ƙato, tun yana yaro haka idonsa yake. Wannan Ladi ce, ita ce mace ta farko da ta yi gini, aka yi ta surutu, na ce a ciro mata."

Haka muka zagaye gidan. Babu ramin da ba ta san mai shi ba, da garin da yake, da yawan 'ya'yansa. Ta ce kullum bayan sallar asuba sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta taɓa, ta gaishe su, ta yi musu addu'a. Wasunsu sun yi shekaru ba su leƙo ba, wasu ko waya ba sa yi. Ita dai tana da ramukansu. Abin ya taɓa mini zuciya ƙwarai.

Da ta shiga alwala, Sule ya ja ni bayan ɗakinta. A nan na gane dariyar mai injin ban ruwa. Bangon gabas, wanda ruwa ya fi duka, shi ya fi ko'ina ramuka, don duwatsunsa sun fi kyau kowa nan yake zaɓa. Wata tsaga ta taso tun daga ƙasa har kusa da azara, yatsuna biyu suka shige. A can ƙasan kusurwa kuma akwai wani babban gurbi da aka cusa wa laka.

Na ce, "Wannan fa na waye?"

"Ba na kowa ba ne. Da kansa ya faɗo bara da ruwan tsakiyar damina, ya rabe biyu, yana murhu yanzu. Bayan bangon nan kuwa gadonta yake."

"To ku cike ramukan mana."

Ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Gwada ka gani. Na taɓa toshe na Baffa Sani, ta kwana biyu ba ta ci tuwon gidana ba. Wai na rufe mata ƙofar ɗan'uwanta, ta ina za ta gaishe shi? Sai da na buɗe."

Washegari da sassafe na ji ƙarar sandarta tana zagayen gaisuwa. Da ta gama ta kira ni, fuskarta cike da fara'a, ta sa sabuwar atamfar da na kawo. Ta kai ni bangon gabas ɗin nan, ta ɗora sanda a kan wani dutse mai sulɓi, ja-ja, kyakkyawa. Tsagar ta bi ta gefensa.

"Ga naka. Tun ranar sunanka na ce wannan na Babana ne. Mutum nawa suka nuna shi na hana. Sule, ɗauko ƙarfe."

Sule ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Na tuna Baba, na tuna ramin harsashina da ke jiran ruwa ya cika shi. Na kuma dubi tsagar.

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki yi mini aikin gafara. Ba zan ɗauka ba."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Na maimaita, na ce in aka zare wannan dutse bangon ba zai ga ƙarshen damina ba, kuma ita ce a bayansa.

"To sai me? Ni da na gama cin zamanina? Gidan nan don a ɗiba aka yi shi. Babana, gaya mini gaskiya, raina mu ka yi? Ka ga ƙauye, ka ga tsohuwa, ba ka so a ce daga nan ka fito?"

"Wallahi ba haka ba ne, Gwaggo."

"In ka tafi ba gurbi, da safe in na zo kanka me zan taɓa?"

Ta shige ɗaki ta saki labule. Da aka kai mata koko ta ce ta ƙoshi. Na sha jin faɗa a rayuwata, daga masu kayan sallah har masu gidan haya, amma babu wanda ya yi mini ciwo kamar wannan.

Na zauna a zaure ina jujjuya tambayarta. Ita ba ta damu da abin da zan sa a harsashina ba, wurin da za ta taɓa take nema. Na tashi na sami Sule yana gyaran garma.

"Yaya, gurbin nan na kusurwa, ka ce ba na kowa ba ne?"

"Ba na kowa ba ne."

"In an cike shi ba za ta yi faɗa ba?"

"Ta sha cewa in cike. Dutsen da zai zauna a wurin ne ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ga aikin gona."

Muka ɗauki baro muka hau tsauni. Har yanzu ana ganin inda Malam Jibo ya yi ta fasa dutse, da ragowar da bai kwashe ba. Na auna gurbin da igiyar awon da ba ta barin aljihuna, na bi duwatsu ina gwadawa kamar mai zaɓen yadi. Sule na ta dariya, wai yau dutse zai sa riga. Wanda ya dace ɗin baƙi ne, mummuna, mai nauyin tsiya. Muka sha wahala kafin ya hau baro, a gangara kuma baron ya so ya riga mu isa gida. Maƙwabta biyu suka taimaka, aka tokare bangon da itace, aka ƙwaƙule tsohuwar laka, aka kwaɓa sabuwa. Wajen tura dutsen ne ya sauka a kan babban yatsana. Na yi wata ƙara da ban san ina da ita ba, har kaji suka watse.

Ƙarar ce ta fito da Gwaggo. Ta dubi yatsana, ta dubi dutsen da ya zauna daram a kusurwa. Ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba. Ta kama hannuna ta tsoma a ruwan sanyi, tana faɗa.

"Hannun allura ina shi ina dutse? Duk gidan nan ba a taɓa yin wanda ya zo da buhu ya koma da shi a naɗe ba sai kai."

Na ce, "Gwaggo, kowa ya ɗiba. Ni ga nawa nan na kawo. In kin zo kaina da safe, ki taɓa wannan."

Ta ce, "Wannan baƙin mummunan?"

Da zan tafi ta cika buhun da kuka da daddawa da mazarƙwaila, ta yi mini addu'a, amma fuskarta ba ta sake kamar jiya ba. Har babur ya tashi ban san ko ta haƙura ba. Sule ya yi alkawarin zai cike tsagar ya yi wa bangon tokara kafin ruwa ya kankama, ni kuma na ce zan dawo mu yi tare, da sharaɗin shi zai riƙa sa hannu a ƙasa.

Tsoron da na yi ta ji a mota shi ne Baba. Na same shi a zaure, na zazzage buhu a gabansa, ya ga kuka da daddawa. Na ba shi labari tun daga farko ban rage komai ba. Ya kafa wa ƙasa ido, daidai inda nasa dutsen yake binne.

"Nawa babba ne ko?"

Na ce, "Ta ce tun kana yaro haka idonka yake."

Ya yi 'yar dariya, ya share ido da bakin rawani. "Mu duk mun je mun ɗebo muna ganin zumunci muke yi. Ko sau ɗaya ban tambayi abin da ya rage ba. Je ka zuba simintinka, Abba."

Aka zuba harsashi ba dutse. Ba zan ɓoye ba, ranar na ji wani iri, kamar na fita ba hula.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka ana tsakiyar gini, da iska daga gabas. Ina shago amma hankalina na Rogo. Na kira Sule ya fi a ƙirga, layin ba ya shiga. Sai washegari da hantsi saƙon murya ya shigo wayata. Na tsayar da keke na kunna saƙon. Muryar Sule ce da farko, yana cewa an yi ruwa sosai amma lafiya lau, bango na tsaye. Sai na ji yana cewa, "Yi magana, Gwaggo, yana ji." Aka yi 'yar ƙaramar hayaniya, sannan muryarta ta fito da ƙarfi, irin ta wanda bai yarda da waya ba.

"Babana, ka kwana lafiya? Na zagaya yau da asuba. Su Sani duk ruwa ya shiga ramukansu, hannuna ya jiƙe. Da na zo kanka na same ka a zaune, ba ka motsa ba. Na gaishe ka."